Haruffa Uku

Zabairu ya farke cikin na'urar a kan tabarma,
kusoshi tara a murfin kwalbar magani,
hayaƙin dalma na tashi daga bakin ƙarfensa.
Ya ce, "Masu ita sun ɗaure mata baki,
ba ta cin abincin kowa sai nasu.
Ni ko zan koya mata cin ɗumame."
Jika goma sha biyar, ban da kuɗin shayi.

Wasa dubu bakwai ya ɗura mata
a ɗan katin da bai kai farcena ba.
Na ce ɗaya na zo nema,
na ɗan jirgin nan mai harbi sama,
wanda kiɗansa ke kama da kukan gyare.

Shekarar da Nomau ya komo daga Abijan
ya zo da akwati mai launin toka a naɗe cikin bargo,
da kaset biyu, ɗaya ba ta taɓa tashi ba.
Zauren gidanmu na Bilbis,
tele baƙi da fari, batirin mota,
yaran unguwa har bakin ƙofa, kowa da dalarsa a jiƙe cikin tafi.
In hoto ya ƙi, a zare kaset a hura mata iska
kamar mai tofi a kan ciwon kai.

Rai uku ake ba ka.
Ka zubar da su, ka miƙa wa na baya.

Nomau ba ya miƙawa.
Harshe a gefen baki, ƙafa ɗaya na rawa,
har allo ya buɗe masa gurbi uku,
ya rubuta NOM a saman kowa.
In an cire batir sunan ya goge.
Gobe da dare ya zauna ya sake rubuta shi,
ba ƙorafi, kamar mai sharar ƙofar gida.

Sai ya bi motar Agadas.
Waya biyu daga Sabha,
ta biyun ma iska ta cinye rabinta.
Akwatin ya mutu da damina ta uku,
inna ta riƙa ajiye allura da zare a cikinsa.

Yanzu ga sabuwa tana kwaikwayon tsohuwa,
yarinya ce ta ɗaura zanen kakarta
tana tafe tana dafa gwiwa.
Ba ta bar komai ba, har ɗan rawar da hoton ke yi.
Barira ta leƙo ta ce, "Baba, jirgin naka da tubali aka gina shi?"
Ta karɓa, ta faɗi, ta danna wani maɓalli,
wutar ta koma cikin jirgi,
harsashi ya koma bakin bindiga,
ga ta da rai kamar ba a yi ba.
Na ce wannan zamba ce.
Ta ce, "To wa aka cuta?"

Da gari ya yi shiru, Tawa ta kwanta da zafinta,
na zauna ni kaɗai.
Na yi zambar.
Sau arba'in, sau sittin, na bar ƙidaya,
ina mutuwa ina janye mutuwar,
har na wuce inda Nomau ke tsayawa.
Gurbi uku suka buɗe suna ƙyafta mini ido.

Sunana ma yana shiga gurbi uku.
Na rubuta nasa.

Na zare waya daga bango,
na jira yadda muke jira a da.
Da safe na kunna.
Yana nan.
Jibi ma yana nan.
Wannan ba ta mantuwa, in ji Zabairu,
yana faɗa yana jin daɗin aikinsa.

Ban gaya masa ba,
tsohuwar da ke goge sunan
ita ke sa mai sunan ya dawo.